Kafin ka jefar da tsohuwar salansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Na san shafin ya fi sabawa da maganar tsaro da siyasa da tsadar taki, ni kuwa maganar salansar babur na zo da ita. A yi mini haƙuri. Wanda bai taɓa tura babur da buhun albasa a kai daga gadar Kwalkwalawa zuwa cikin gari a ranar Afrilu ba, shi ne zai ce ƙaramar magana ce.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya, ina zaune a Mabera. Babur ɗina Jincheng ne, samfurin AX100, na saye shi a 2004 da bashin da aka yi shekara biyu ana cirewa daga albashina. 'Yan kabu-kabu sun daɗe da barin irinsa, sun koma Boxer da 'yan uwansa don sun fi sauƙin mai. Ni ban bar shi ba. Ya kai ni makarantu uku, ya kai uwargida asibiti da tsakar dare har sau biyu, sannan kuma fansho ba ya sayen sabon babur.

Laifin farko nawa ne, gara in faɗa da bakina. Akwai ɗan ƙarfen da ke riƙe salansa ta baya, kusa da inda fasinja ke ɗora ƙafa. Ya tsage, na yi makonni ina jin ƙwaram-ƙwaram, sai na samo robar tsohon tib na ɗaure na ce gobe. Ashe nauyin salansar duka ya koma kan wuyanta, wajen lanƙwasar da ta fito daga inji. Rannan ina dawowa daga fadama na faɗa wani rami, sai babur ya sake murya kamar ana harba bindigar toka. Wuyan ya dare.

Na tura shi wurin wani yaro mai waldar lantarki a bakin hanya. Ko kwance salansar bai yi ba, ya tsuguna ya fara zuba wuta a jikin babur, tartsatsi na tashi ƙasa da tankin da ke da fetur a ciki, ni kuma ina tsaye ina kallo kamar ba ni na koyar da kimiyyar aji shida ba. Allah dai ya kiyaye. Duk inda ya taɓa sai wurin ya ɓule, ya toshe nan can ya buɗe, har wuyan ya koma kamar gidan zanzaro. Ya ce, "Baba, ƙarhen ya mutu." Na ba shi naira dubu biyu. Mako uku aka yi ta sake darewa, daidai gefen waldar.

Sai na yi fushi na shiga kasuwa na sayi sabuwa. Tana walƙiya, kana ganin fuskarka a jiki. Da na ɗaga ta na ji ba nauyi, sai ka ce gwangwanin madara aka miƙe, amma na ce wa kaina ai zamani ne, an daina yin kaya masu nauyi. Tsohuwar na kai gida, uwargida ta tokare ƙofar akurkin kaji da ita.

Daga nan babur ya daina zama nawa. Ƙara ta ƙaru, ƙarfi ya ragu. Gangaren da nake haurawa a giya ta uku sai na koma ta biyu. Man da ke kai ni gona ya dawo da ni har ya yi saura, sai ga ni ina juya makunni zuwa rizab tun ban shigo gari ba. Kowa kuwa ya san abin da litar fetur ta zama tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi. Damina ɗaya, tsatsa ta fito a ƙasanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohuwar tana da ɗan marfin ƙarfe a gefe mai kare ƙafa, sabuwar ba ta da shi. Jikata mai shekara bakwai na ɗauko daga Islamiyya, tana sauka ƙaurinta ya manne. Har yau tabon na nan. A nan ina tunatar da iyaye: ƙunar salansa ruwa mai sanyi ake kwarara mata kamar na minti 20 sannan a nufi asibiti, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba baƙin mai ba.

Wani abokin aikina na da ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike, irin waɗanda suka koyi aiki tun zamanin Vespa da Honda Benly. Ya sa na tayar da babur, ya saurara, ya sa na kashe. Ya kwance fulogi ya nuna mini bakinsa fari fat kamar alli. Ya ce lafiyayyen fulogi launin ƙasa yake yi, irin na garin ƙuli-ƙuli. Fari alamar iska ta yi wa mai yawa ce, inji na cin wuta, in aka daɗe haka fistan ne zai tafi. Sannan ya ƙwanƙwasa sabuwar salansata da sifana ya ce, "Malam, wagga da kas sawo gwangwani ta. Ina tsohuwat? In ba ka yas ta ba, tahi ka ɗauko min ita."

Bayanin da ya yi mini shi ne dalilin wannan wasiƙa, don na shekara ashirin a kan babur ban sani ba. Irin injin da ake zuba wa man 2T daban, kamar Jincheng ɗina da tsofaffin Suzuki da Yamaha 100, ba shi da irin bawul ɗin nan na saman silinda da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya. Fistan ne da kansa ke buɗewa da rufe ƙofofin da ke jikin silinda. Akwai ɗan lokacin da ƙofar fitar hayaƙi da ta shigar sabon mai suke buɗe tare, don haka wani ɓangare na man da ba a ƙona ba yakan bi hayaƙi ya fita. Salansar da aka auna daidai tana mayar da wani bugun iska baya, ya tura wannan man ya koma ciki kafin fistan ya rufe ƙofa. Tsawon bututun, faɗinsa, da ƙaramin bututu mai huji-huji da ke cikin wutsiya, wanda shi hanji yake ce masa, duk da lissafi aka yi su. Ka canza su, ka canza numfashin injin. Tawa sabuwar da ya haska tocila a ciki, hanjin nata bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Fetur ɗina nake ta fesawa a titi.

Na je na karɓo tsohuwar, uwargida na mita kaji za su fita. Yadda ya yi da ita abin kallo ne. Ya bi ta tun daga wuya har wutsiya yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Inda ƙarfe ke da rai yana amsawa ƙal, inda ya ruɓe sai ya yi duf. Ya ce wuyan ne kawai ya mutu, sauran jikin zai iya binne ni da shi. Ya yanke wajen da yaron nan ya ɓata, ya zaro wuyan wata matacciyar salansa irinta daga tarin ƙarafan da ke bayan rumfarsa, ya haɗa da waldar gas da sandar tagulla. Ya ce siririn ƙarfe wutar gas yake so, don ita ana iya rage ta a bi shi a hankali, ta lantarki kuwa cinye shi take yi.

Bai tsaya nan ba. Ya kwance ɗan notin da ke wutsiya ya zaro hanjin, wanda ni ban ma san yana fita ba. Hujojin duk sun toshe da baƙin daskararren mai, na shekara da shekaru. Ya hura gawayi ya tura shi ciki, ya bi jikin salansar da wutar gas, hayaƙi ya turnuƙe har mai shayin gefe ya yi magana. Da ta huce ya riƙa bugun ta da katako, gawayin da ya zubo ya cika gwangwanin tumatir biyu. Ƙyallin jikinta ya dushe, ya ce wannan ba ya hana tafiya. Ya juya inji har fistan ya rufe ƙofar hayaƙi don kada datti ya faɗa ciki, sannan ya kankare bakin ƙofar da tsinken itace. Ya sa sabon zoben gasket, ya ce tsohon da ya riga ya matse ba ya sake riƙewa. Noti biyun da ke riƙe wuyan a jikin inji bai ɗaure ɗaya ya gama ba, kaɗan nan kaɗan can, har suka zauna daidai. Na ƙarshe shi ne ƙarfen bayan da ya jawo duk wannan, ya yi masa walda ya sa roba a tsakani. Da na tayar ya kai hannu kusa da mahaɗar yana jin ko iska na fita. Ya ce a gida in riƙa duba wurin, in na ga baƙin mai ya yi layi to tana yoyo. Abin da na biya shi bai kai rabin kuɗin sabuwar ba.

Ba ina cewa kowace salansa tana gyaruwa ba ne. Shi kansa ya nuna mini wata da ya danna da babban yatsa ta ɓurma. Irin wannan daga ciki ta ruɓe, don hayaƙi na ɗauke da tururin ruwa, in ya huce ya kwanta a ƙasan bututu ya yi ta ci. Ita sai sabuwa. Kuma ba duk sabuwa ce jabu ba. Kayan babur da ke zuwa mana ta Nnewi da Kano hawa-hawa ne, mai shago yakan ajiye mai kyau a ciki ya rataye mai araha a waje, saboda mu ma kalmarmu ta farko ita ce "nawa za ka rage". Wanda zai saya ya tafi da tsohuwar, ya ɗaga su hannu bibbiyu ya ji nauyi, ya gwada tsawo, ya leƙa wutsiya ya ga hanji, ya tabbatar akwai marfin kare ƙafa. Araha ba ta ado, ni na shaida.

Yanzu in juya kan samarinmu. Abin da ya same ni bisa rashin sani, su da gangan suke biyan kuɗi a yi masu. A cire hanjin salansa, ko a yanke wutsiyar, don in ana rakiyar amarya ko an tashi kallon ƙwallo a ji su tun daga Runjin Sambo. Suna ɗauka ƙara ita ce gudu. Masu Boxer kuma na cewa nasu mai bawul ne, wannan lissafin bai shafe su ba. Ya shafe su ta wata fuskar: kafireto, mai haɗa iska da mai, an saita shi ne da salansar kamfani, ka buɗe ta iska ta rinjayi mai, inji ya ƙara zafi, a garin da zafinsa kan haura digiri 40 kafin damina. Tas-tas ɗin da suke jin daɗi in sun saki totur, bakanike in ya ji ta ya san ciniki na tafe. Ga kunne kuma. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in ana shan ta awa 8 a kullum, tana rage ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗan kabu-kabu tun safe yake kai har isha. Ban ma kawo maganar marasa lafiyar da ke kwance a Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo ba, ko jinjirin da aka sha wuya kafin ya yi barci.

Doka tana nan, hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009. Amma ni ba kame nake kira a yi ba, don na san yadda kame ke ƙarewa a kan talaka. Shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu nake roƙo, waɗanda ke yanka tikiti kullum kuma sun san kowane babur a tasharsu, su hana mai fasasshiyar salansa lodi har ya gyara. Ƙungiyar bakanikai kuma ta yi wa yaranta magana, a daina cire hanji, a daina walda a jikin babur da mai a tanki. Kai kuma Edita, da ka tura wakilinka ya zauna wuni ɗaya a rumfar irin wannan dattijo ya rubuto abin da ya gani, don yaran da ke gabansa yanzu uku ne, kuma ya ce dukkansu canjin kaya suke son koya, ba gyara ba.

Wata bakwai ke nan, Jincheng na haura gangaren nan a giya ta uku da buhu a baya. Sabuwar salansar kuwa na ba uwargida, ita ce yanzu ke tokare ƙofar akurki, kodayake ta ce ba ta kai tsohuwar riƙe ƙofa ba in iska ta taso.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Mabera, Sakkwato.