Daga Guwahati, ana tsakiyar damina

Ƙawata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya mai gidan da jikin nasa? Na san kin cika kin batse, wata uku ba wasiƙa ba murya. Na ga saƙonki inda kika ce wai na samu masu rawa a kan duwatsu na manta da ke. Ke dai har yau Indiyar da kika sani ita ce ta kaset ɗin da muke kallo a ɗakin yayarki idan Baba ya fita masallaci. To nan jihar Assam ba rawa sai ruwa. Tun farkon Yuni sama ba ta huta ba, kogin Brahmaputra ya cika ya kawo har kina tsayawa a gaɓa ki rasa ɗaya gaɓar, kayan da na shanya kuwa kwana huɗu suna warin sanyi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wani abu na gani da ya ƙi barin zuciyata, kuma in ba ke ba ban san wanda zan gaya wa ya saurare ni har ƙarshe ba.

Kin tuna tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda ke tare ni da ɗanyen ƙwallon nan da suke taunawa da ganye, kamar yadda muke miƙa wa baƙo goro? Mijinta ya daɗe da rasuwa. Tun ranar ta cire jan garin da matan aurensu ke sawa a tsagar kai, ta koma farin zane, ta bar cin kifi, a ƙasar da kifi ne miyarsu. Gwiwa ta matsa mata, sai ta roƙe ni in riƙe ta mu hau dutsen Nilachal, inda ɗakin bautar Kamakhya, allahiyar da suke kira Uwa, yake. Kafin ki dafe ƙirji: a farfajiya na tsaya, ban shiga ba, ban sunkuya wa kowa ba, tauhidina yana nan inda kika san shi.

Ginin da ke wurin wani sarki ne mai suna Nara Narayan ya sake tayar da shi a 1565. Na zaci gunki ne a ciki mai hannuwa barkatai. Ta ce a'a. Matakala ce ake bi a sauka cikin duhu, a ƙasa akwai dutse mai tsaga, ruwa na ɓulɓulowa, an lulluɓe shi da jan ƙyalle da furanni. A labarinsu, Sati matar Shiva, ɗaya daga manyan allolinsu, ta mutu, ya saɓa gawarta yana yawo saboda baƙin ciki, wani allan nasu Vishnu ya yayyanka gawar ta faɗi a wurare 51, nan kuma mahaifarta ta faɗo. Duk Yuni suna rufe ƙofa kwana uku, suna cewa Uwa tana baƙon wata, a rana ta huɗu a buɗe a raba wa mutane guntayen jan ƙyalle. Ambubachi suke kiran bikin. Mu bayan an buɗe muka je, amma har lokacin ba masaka tsinke: masu tufafi ja, masu gashi a cukurkuɗe har gadon baya, awaki da tattabarun yanka.

Na san za ki ce bori ne. Ni ma da na ji suna kiran “Maa, Maa” sai Inna ta 'yan bori ta faɗo mini. Amma wannan yana da littattafai da malamai. Tantra suke ce masa. Malami ne ke ba almajiri kalmar da zai riƙa maimaitawa a asirce, da zane mai kusurwoyi da zai tattara hankalinsa a kai. Alloli mata goma ne a wannan hanya, Mahavidya, wato manyan ilmomi, kowace da mazauninta a kan dutsen. Kali kin san ta, baƙa mai harshe waje. Akwai Chhinnamasta, wadda ta sare kanta tana shayar da hadimanta biyu da jininta. Hotonta sai da na kau da kai.

Af, kafin in manta, da gaske ne ƙanwar mijinki ta fasa auren? Autarmu ce ta tsegunta mini, kin san ta da ƙarin gishiri. In gaskiya ne ki gaya wa Hajiya ta bi ta a hankali, yarinyar ba ta da hayaniya, in ta ce a'a akwai dalili.

Tsohuwata ba wurin Kali ta nufa ba. Ta ja ni gefe, zuwa wani ƙaramin ɗaki da ba layi, na Dhumavati, ɗaya daga cikin goman nan. Hotonta na nan a kusurwar ɗakinta a gida, na sha gani ban tambaya ba: tsohuwa ramammiya, farin zane mai dauɗa, gashi a barbaje, tana riƙe da faifan sheƙe hatsi, tana zaune a keken da ba doki, ga hankaka. Bazawara ce, ba miji ba ado. Har ana cewa matar aure ta yi nesa da ita. Da tsohuwata ta fito muka zauna a kan dakali tana mayar da numfashi, na tambaye ta me ya sa wannan, duk ga masu kyau da zinariya. Ta ce shekarar da mijinta ya mutu an daina kiranta biki, dangi na ganin ƙafarta ba alheri. A cikin duk waɗanda ake bauta wa, wannan kaɗai ta ga ta yi kama da ita. Ta ce ba dukiya take roƙo a wurinta ba, so take ta koyi zama da rashi ba tare da tsoro ba, ta sheƙe rayuwarta ta ga me ya rage a faifai.

Ƙawata, nan take Umma ta tsaya mini a ido. Wata huɗu da kwana goma na takaba, tana zaune a kan tabarmar nan ta bakin gado da carbi, mutane sun cika gida mako ɗaya sun watse, ni kuma na dawo karatu na bar ta. Ban yarda da abin da tsohuwar nan take bauta wa ba, ita ma ta sani, tana ganina da sallata biyar, har takan rage rediyo in na tayar. Amma ciwon da ya kai ta ƙofar ɗakin nan na san shi, a gidanmu na gan shi. Da muka sauko na kira Umma, muka yi kusan awa, yawanci labarin kaji da tsadar gero.

Don Allah ki riƙa leƙa ta ko ranar Juma'a ce, ki tafi da ƙaramar, tana sa ta dariya. Na saya miki ganyen shayin nan nasu rabin kilo, ina neman mai zuwa Kano. Wancan da kike yabo, in kika sha wannan ba za ki sake kallonsa ba. Kin yi mini wata tambaya a saƙonki, wayar ta jiƙe ta goge komai, ki sake turowa.

Ki gaida mai gidan, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum.