Ƙofar da mujallun ƙagaggun labarai suka buɗe wa sabon marubuci tana neman rufewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan mujallun intanet masu wallafa gajerun ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, wato labaran da ke kai mai karatu sararin samaniya, ko wani zamani da bai zo ba tukuna, ko duniyar tsafi da dodanni. Na daɗe ina bibiyarsu, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin cewa abin da ya fi komai daraja a tare da su yana cikin haɗari.

Irin wannan mujalla ta girmi intanet nesa ba kusa ba, tun da a 1926 ne Hugo Gernsback ya fito da Amazing Stories a Amurka. Abin da intanet ta yi shi ne sauke nauyin kuɗin bugu da na rarrabawa, har mutum kaɗan masu himma suka iya kafa tasu. Strange Horizons ta fara fitowa a 2000 a hannun 'yan sa-kai, tana rayuwa da gudummawar masu karatu. Neil Clarke ya kafa Clarkesworld a 2006, Lightspeed ta biyo baya a 2010, sannan a 2014 Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa Omenana domin marubutan Afirka na gida da na ƙetare. Yawancin labaran da suke wallafawa kyauta ake karantawa, wasu ma har da murya ga mai son saurare.

To amma ni a ganina, kyautar da ta fi wannan girma ita ce yadda suke karɓar rubutu. Marubuci ba ya buƙatar wakili ko uban gida, kuma mujallar kirki ba ta karɓar ko sisi daga hannunsa kafin ta duba aikinsa. Yana ɗora labarinsa a shafin mujallar, masu karatun farko su tace, abin da ya tsallake ya isa teburin edita. Na taɓa gwada sa'ata da wani labari da na shafe wata biyu ina gyarawa, na aika wa wata mujalla da ba wanda ya san ni a cikinta. Amsar da ta zo ƙi ce, amma a ƙasanta editan ya ƙara layi biyu, yana cewa farkon labarin ya ja shi, sai dai na bayyana sirrin injin da ke cikinsa tun mai karatu bai fara tambaya ba. Na koma na duba, na ga gaskiyarsa. Mutumin da ke wata nahiya ya zauna ya karanta shafi goma sha biyar na baƙon da ba zai taɓa gani ba, kuma wannan karatun shi ne jarin mujallun nan gaba ɗaya.

Idan aka karɓi labari, biya ake yi, kuma da kalma ake lissafi. A 2019 ƙungiyar marubutan wannan fanni ta Amurka ta tsayar da sent 8 a kan kowace kalma a matsayin mafi ƙarancin ladan ƙwararru, wato labari mai kalma 5,000 zai kawo dala 400. Wannan kuɗi ne ya jawo ƙudaje. A watan Fabrairun 2023 Clarkesworld ta dakatar da karɓar labarai na ɗan lokaci, bayan da ɗaruruwan rubuce-rubucen da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka zubo suka cika mata akwati. Masu aiko su ba adabi ne ya dame su ba, an dai kwaɗaita musu cewa akwai kuɗin banza a wurin. Editoci na gane irin wannan rubutu, domin ba shi da gishiri, amma gane shi ma lokaci yake ci, kuma lokacin nan daga rabon marubucin gaskiya ake yankarsa. Abin tsoron shi ne mujallar da ta gaji za ta koma gayyatar sanannun sunaye kawai, ko ta toshe ƙasashen da ta ga shara ta fi fitowa daga cikinsu, sai laifin wani ya shafi wani, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne sabon marubuci na nesa da ba shi da wata ƙofar.

Ana cikin wannan kuma, a shekarar dai, kamfanin Amazon ya rufe tsarinsa na biyan kuɗin mujallu wata-wata ta Kindle (na'urarsa ta karanta littattafai), wanda da dama daga cikinsu suka dogara da shi. Dole suka koma neman masu biya kai tsaye ta shafukansu da ta Patreon, shafin da masoya ke tallafa wa masu fasaha da kuɗi.

Roƙona ga matasanmu masu sha'awar wannan fanni shi ne su karanta fitowa uku ko huɗu na mujalla kafin su aika mata komai, su kiyaye ƙa'idojinta, kuma kada su bari inji ya rubuta musu, domin wasu mujallun kan haramta wa wanda aka kama sake aikowa. Wanda ke rubutu da harshensa ma yana da hanya, domin Samovar, wadda Strange Horizons ta fara fitarwa a 2017, tana wallafa labari da harshensa na asali tare da fassararsa ta Turanci. Ku kuma, ranka ya daɗe, da za ku riƙa ware ɗan gurbi lokaci-lokaci ku sanar da masu karatu mujallun da suka buɗe karɓar labarai da ranar rufewa, da kun taimaki mutane da yawa.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum