Gyara kan labarinku na wasan hokin 'yan matan jami'a

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai bibiyar jaridarku ne daga birnin Minneapolis na jihar Minnesota a Amurka, inda nake zaune da iyalina. Na ji daɗi ƙwarai da kuka ba wasan hoki na kan ƙanƙara na 'yan matan jami'o'in Amurka wuri a shafin wasanni. Sai dai labarin ya zo da kurakurai, kuma 'yata ce ta riga ni gano su, don tana buga wasan a makarantarsu ta sakandare. Nakan miƙa mata waya ta karanta mini labaranku saboda kada Hausa ta kuɓuce mata. Tana cikin karatu sai ta tsaya, ta ce, "Baba, ai ba haka aka yi ba."

Kun ce Jami'ar Wisconsin ta doke Ohio State a wasan ƙarshe na 2025 da bugun fenariti bayan an tashi kunnen doki. Ni da yarinyar muna cikin filin Ridder na nan Minneapolis a ranar, cikin watan Maris. Ohio State ce ke gaba da ci 3 da 2, saura ƙasa da daƙiƙa 19 a tashi. Alƙalai suka duba bidiyo, suka ba Wisconsin bugun daga ke sai mai tsaron gida, guda ɗaya tak. Kirsten Simms ta ɗauka ta zura, ya zama 3 da 3. Hannun 'yata yana rawa a cikin nawa, ta kasa zama. Aka shiga ƙarin lokaci, Simms ɗin dai ta sake ci ana tsaka da wasa, aka tashi 4 da 3. Wannan ne kofi na takwas da Wisconsin ta ɗauka, duka a hannun koci Mark Johnson. Wanda ya karanta naku zai ɗauka jeruwa aka yi ana bugawa ɗaya bayan ɗaya kamar a ƙwallon ƙafa, alhali Simms ƙwazo biyu ta yi, an cinye mata ɗaya.

Na fahimci inda matsalar ta fito: an auna wasan da mudun ƙwallon ƙafa. Shi ya sa aka rubuta "bayan hutun rabin lokaci", bayan kuwa zango uku ake yi, kowanne minti 20. Abin da ake bugawa ma ba ƙwallo ba ne, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri. Hoton da kuka sa kuma na maza ne.

Wanda ya fi damuna shi ne cewa da kuka yi Jami'ar Minnesota ce ta fara cin wannan kofi a 2001. Jami'ar Minnesota Duluth ce, ita ta ɗauke shi a 2001 da 2002 da 2003 a jere. Duluth gari ne daban a bakin tafkin Superior, tafiyar fiye da awa biyu a mota daga nan, kuma ƙungiyoyin biyu abokan hamayya ne. Jami'ar Minnesota, wato ta nan Minneapolis, sai a 2004 ta fara ɗauka. A wajen mutanen nan, kamar a ɗauki kofin Kano Pillars ne a rubuta shi da sunan Katsina United.

Na san yawancin masu karatunku ba su taɓa ganin filin ƙanƙara ba. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan, domin in an yi kuskure a labarin Firimiya, kafin azahar mutum ɗari sun kira ku, amma wannan haka zai zauna a intanet, ɗalibi ya kwafa, wani gidan rediyo ya maimaita.

Ina roƙon ku buga gyara, ku canza hoton. In kuma za ku sake waiwayar wasan, ku duba labarin Laila Edwards, wadda ta buga wa Jami'ar Wisconsin, baƙar fata ta farko da ta buga wa babbar ƙungiyar mata ta Amurka, a 2023. Hotonta ne manne a bangon ɗakin 'yata. Ita ce ma ta ce in tambaye ku ranar da gyaran zai fito, tana so ta karanta mini shi da bakinta.

Allah Ya ƙara basira, Ya taimaki aikinku.

Naku,
Mai karatu daga Minneapolis