Bayan Sallama Daga Asibiti, Wa Ke Bin Sawun Majinyatanmu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani giɓi da ke cikin sha'anin lafiya a nan arewacin Kamaru, wanda nake kyautata zaton 'yan'uwanmu na Cadi da Nijeriya da Nijar ma za su shaida shi. Idan ana zancen binciken likitanci, da yawanmu mukan ɗauka aiki ne na manyan na'urori a Turai da Amurka, mu kuwa namu jiran sakamako. Alhali babban kaso na abin da duniya ta sani game da ciwon dajin yara, da cututtukan sinadaran jiki da ake kira homon, da ingancin gaɓoɓin ƙarfe da ake dasa wa mutane, an same shi ne ta hanyar rubuta bayanin majinyaci da bin sawunsa shekara da shekaru. Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba, kuma shi muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Dajin da ya fi addabar yara a ƙasashe masu yawan sauro, a Afirka aka gano shi. A shekarar 1958 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ayilan mai suna Denis Burkitt, wanda ke aiki a asibitin Mulago a Kampala, ya wallafa bayanin yara 38 da suka zo masa da kumburin muƙamuƙi mai saurin girma. Bai tsaya nan ba. Ya aika takardun tambaya zuwa asibitocin nahiyar, sannan a 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka shiga wata tsohuwar mota suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 a gabashi da kudancin Afirka, suna tambayar kowane asibiti ko yana ganin irin wannan ƙari. Da suka zana amsoshin a taswira, sai ya bayyana cewa cutar tana bin wuraren da ke da zafi da damshi, tana ƙaurace wa tsaunuka masu sanyi, wato tana bin sawun zazzabin cizon sauro. Daga naman ƙarin da ya riƙa aikawa Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano, a 1964, ƙwayar bairos ta farko da aka alaƙanta da daji a jikin ɗan Adam. Tushen wannan duka tambaya ce da alƙalami da taswira.

Wannan daji na Burkitt yana nan tare da mu. Yakan fito a muƙamuƙi ko a ciki, yana girgiza haƙora, kuma ƙwayoyinsa suna iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka makon da aka ɓata ana cewa hangum ne ko ciwon haƙori, ko ana kai yaro wurin wanzami a tsaga kumburin, mako ne mai tsada ƙwarai. Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, yana cikin dajin da ya fi jin magani idan an zo da wuri. Haka ma dajin ido, wanda alamarsa ta farko farin haske ne a tsakiyar ƙwayar idon jariri, da dajin ƙoda da uwa kan fara ji kamar dunƙule a cikin ɗanta lokacin wanka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba a kai kashi 30 ba, kuma shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2018 yana neman a kai kashi 60 a duniya baki ɗaya kafin 2030. Kamaru ba ta zauna haka nan ba. Akwai sashen dajin yara a Cibiyar Uwa da Yaro ta Gidauniyar Chantal Biya a Yawunde, wanda ke aiki tare da ƙungiyar likitocin Faransa da Afirka da aka kafa a 2000, kuma asibitocin mishan na Banso da Mbingo da Mutengene sun yi shekaru suna jinyar yara masu Burkitt da magunguna masu sauƙin kuɗi, suna kuma rubuta sakamakonsu. Sai dai duk waɗannan wurare suna can nesa da mu. Uban da ke Marwa ko Kusuri sai ya shiga mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya bar gonarsa ko kasuwarsa watanni, a garin da ba shi da dangi. Wasu ba sa tafiya ko kaɗan. Wasu kuma da kumburin ya saɓe bayan allurar farko ko ta biyu sai su tattaro su dawo gida, suna zaton an gama, daga baya cutar ta dawo da ƙarfinta. Ba na ganin laifin uban da guzurinsa ya ƙare. Abin da nake gani shi ne, daga ranar da ya hau jirgin dawowa babu littafin da ya sake ambaton ɗansa, ko ya rayu ko ya rasu.

Akwai ma wata tambaya da mu ne ya kamata mu amsa wa duniya. A watan Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta shigar da allurar rigakafin zazzabin cizon sauro cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum, kuma jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa sun daɗe suna ba yara maganin kariya a lokacin damina. Tunda zazzabin yana da hannu a dajin Burkitt, shin dajin zai ragu nan da shekaru goma? Babu wanda zai iya faɗa sai wanda ya fara ƙirga yaran tun yanzu, gunduma bayan gunduma.

Shi kansa yaron da ya warke bai gama buƙatar likita ba, kuma a nan ne maganar homon take shigowa. Binciken da aka fara a Amurka a 1994, wanda ke bin sawun dubban mutanen da suka tsira daga daji suna yara, tare da ire-irensa a Turai, ya nuna cewa matsalar homon tana cikin abubuwan da suka fi bayyana daga baya. Wanda aka gasa wa kai da haske yana iya tsayawa bai yi tsawo ba, wanda aka gasa wa wuya ƙullin maƙogwaronsa yana iya raunana, wasu magungunan kuma suna taɓa balaga da haihuwa. A al'ummar da ake fara yi wa amarya kallon tuhuma tun shekarar farko ta aure, yarinyar da aka yi wa jinyar daji tana ƙarama tana da haƙƙin a ba iyayenta takarda mai bayyana irin maganin da aka ba ta da adadinsa, domin likitan da zai gan ta bayan shekaru goma sha biyar ya san inda zai duba.

Ciwon sukari na yara shi ma yana nuna yadda binciken wasu yake tsayawa a bakin ƙofarmu. Tun 1922 aka fara ceton rai da insulin a birnin Toronto, amma har yau ajiyarsa matsala ce a gidan da babu firji, ko akwai firjin babu wuta. A 2021 ƙungiyar Likitocin Sa Kai ta MSF da Jami'ar Janeba suka wallafa gwajin da suka yi bisa yanayin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda suka ga insulin bai rasa ƙarfinsa ba har mako huɗu a zafin da ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37. Labari ne mai daɗi, amma duk wanda ya yi watan Afrilu a Garwa ya san ma'auni yana haura 40, balle a ɗaki mai rufin kwano. Dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba na arewacin Nijeriya ya yaɗa har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000, tana iya zama mafita, kuma auna zafin cikinta a gidajenmu daga Maris zuwa Mayu aiki ne da ɗalibin likita zai iya yi da ma'aunin zafi da littafi. Ba zan tsawaita a kan maƙoƙo ba, domin gishiri mai ayodin ya rage shi sosai. Amma mayukan sauya launin fata da ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kan tebur a kasuwanninmu, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sinadarin kotizon, suna haddasa hawan jini da ciwon sukari da kumburin fuska, kuma ba mu san yawan matan da abin ya shafa ba.

Kotizon ɗin nan, idan ya yi yawa ko ya daɗe a jiki, yana iya kashe kan ƙashin cinya da ke shiga kwatangwalo. Hakan yana faruwa ga wasu matasan da aka yi wa jinyar dajin jini, kuma yana faruwa sosai ga masu amosanin jini saboda toshewar ƙananan jijiyoyi. Shi ya sa a wurinmu mai neman ƙugun ƙarfe sau da yawa ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne, ko wanda ya yi hatsarin babur ɗori bai kama ba, alhali yawancin bayanan da ake da su kan daɗewar waɗannan gaɓoɓi an tattara su ne daga tsofaffin Turawa.

Tarihin wannan tiyata ya isa darasi. John Charnley, wanda ya kafa ta a asibitin Wrightington na Ingila, ya fara ne da wata roba mai suna Teflon, ya dasa wa mutane kusan 300, cikin 'yan shekaru ta cinye ta kuma ɓata naman da ke kewaye. Da yake yana bin sawun majinyatansa, ya gane matsalar, ya sauya zuwa wata roba mai ƙarfi a 1962, har ya riƙa roƙon majinyata su yi wasiyya a dawo masa da gaɓar bayan rasuwarsu domin ya ga yadda ta ƙare. Daga baya ƙasashe suka mayar da wannan bin sawu aikin hukuma: Suwidin ta buɗe rajistar gwiwa a 1975 da ta ƙugu a 1979, Ostareliya ta buɗe tata a 1999, Ingila da Weyils suka fara tattara bayanai a 2003. Waɗannan rajistoci ne suka tona aibin wani ƙugu mai suna ASR na kamfanin DePuy, wanda ƙarfe ke gogar ƙarfe a cikinsa har ɓurɓushin kobal da kuromiyam su shiga nama da jini. An janye shi daga kasuwa a watan Agustan 2010, bayan an dasa kimanin 93,000 a duniya, lokacin da alƙaluman Ingila suka nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas yana komawa tiyata kafin shekara biyar ta cika. A Indiya kuwa, wani kwamitin gwamnati ya bayyana a 2018 cewa daga cikin kimanin mutum 4,700 da aka dasa wa shi, fiye da 3,600 ba a gano inda suke ba.

Malam Edita, Indiya tana cikin ƙasashen da mutanenmu ke sayar da shanu da filaye su tafi neman tiyata, tare da Tunisiya da Masar da Turkiyya. Idan ƙasar da aka yi aikin ta kasa gano 'yan ƙasarta, ina ga baƙon da ya dawo garin Gidar ko Injamena? Ka tambayi mutum wane irin ƙarfe ne a jikinsa, sai ya ce maka na Jamus ne, iyakar saninsa ke nan. Ga kuma tambayoyin da rajistar Suwidin ba za ta amsa mana ba: yaya gaɓar ke jure sujada da zaman tahiya sau biyar a yini, da tsuguno a masai, da zama a tabarma, da tafiyar babur a hanya mai gargada? Likitoci suna ba da shawara gwargwadon saninsu, amma hujjar da za su dogara da ita sai an tattara ta a cikinmu.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya da wakilanta a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa su buɗe rajista guda a manyan asibitocin Ngaundere da Garwa da Marwa, wadda za ta ƙunshi duk yaron da aka samu ko ake zargin yana da daji, da duk yaron da ke allurar insulin, da duk wanda aka dasa wa gaɓa a gida ko a waje, tare da lambar wayar mutum biyu daga danginsa, a kuma ware ma'aikaci wanda aikinsa shi ne kiran su lokaci zuwa lokaci cikin Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa. Wajibi ne a nemi yardar iyaye kafin a rubuta, a kuma tsare sirrinsu, domin idan mutane suka ga sunan 'yarsu ya fita waje ba za su sake zuwa ba. Muna da tsangayar koyon likitanci a Jami'ar Garwa, muna da reshen Cibiyar Pasteur a garin, kuma ɗalibai suna neman batun da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa kowace shekara. Ya kamata a haɗa hannu da asibitocin Injamena, tunda majinyata suna ƙetare gadar Kusuri ta kowane ɓangare.

Kafin hukuma ta motsa, duk wanda zai raka ɗan'uwansa tiyatar ƙugu ko gwiwa kada ya baro asibitin sai an ba shi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera gaɓar, da samfurinta, da lambarta, da ranar aikin. Duk wanda aka sallami ɗansa daga jinyar daji ya karɓi cikakken bayanin magungunan da aka yi amfani da su da ranar komawa, ya ɗauki hotonsu a waya, ya adana asalin tare da takardar haihuwar yaron.

Na gode da filin da ka ba ni.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka,
daga Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.