A Gina Asibitin Gunduma, Amma A Fara Lissafa Kuɗin Riƙe Shi

Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga wani ƙaramin gari a Amurka inda nake zaune da iyalina, kuma inda aka shafe watanni ana ja-in-ja a kan ko gundumarmu za ta ci bashi ta gina asibiti nata na kanta. Ina cikin masu goyon bayan ginin, sai dai goyon bayana yana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Dalilina na farko na gan shi da idona. A wani dare na hunturu maƙwabcina, dattijo mai ciwon zuciya, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa yana dafe da ƙirji, na saka shi a mota muka kama hanyar asibiti mafi kusa. Mun yi kusan awa ɗaya a kan titin da ƙanƙara ta lulluɓe, ina tuƙi ina sauraren numfashinsa, duk lokacin da ya yi shiru sai gabana ya faɗi. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma tun daga daren na daina yarda da masu cewa asibitin birni ya wadace mu.

Masu adawa kuwa ba marasa tausayi ba ne. A taron da majalisar gunduma ta kira, wani manomi ya miƙe riƙe da takardar harajinsa, ya bayyana cewa bashin da za a ci ta hanyar takardun lamuni, daga harajin gidaje da gonaki za a riƙa biyansa shekara da shekaru, ko an samu amfanin gona ko ba a samu ba. Gaskiya ya faɗa, kuma tarihi yana bayansa. Dokar Hill-Burton ta 1946 ta zuba kuɗin gwamnatin tarayya aka gina asibitoci a ƙananan garuruwa da dama, amma daga 2010 zuwa yau fiye da 100 daga asibitocin karkarar Amurka sun rufe baki ɗaya ko sun daina kwantar da marasa lafiya.

Abin da ke kashe su ba ya cikin tubali da siminti. Gini sau ɗaya ake biyansa, albashin likitoci da ma'aikatan jinya kuwa kowane wata yake zagayowa. Yawancin masu zuwa irin wannan asibiti tsofaffi ne da ke ƙarƙashin Medicare ko masu ƙaramin ƙarfi da ke ƙarƙashin Medicaid, kuma waɗannan shirye-shiryen inshorar lafiya biyu na gwamnati suna biyan ƙasa da abin da kamfanonin inshora masu zaman kansu ke biya. Ga kuma dokar 1986 da ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, ya ceto ransa, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Doka ce ta adalci wadda nake alfahari da ita, amma dole wani ya ɗauki nauyin kuɗin. Idan aljihu ya fara ƙonewa, ɗakin haihuwa kan kasance cikin abubuwan da ake fara rufewa, domin yana buƙatar likita da mai ba da maganin sa barci su kasance a shirye dare da rana, alhali haihuwar da ake yi a ƙaramin gari ba ta da yawa.

Saboda haka roƙona ga majalisa shi ne ta daina nuna mana zanen katafaren gini mai gilashi, ta auna rigar daidai jikinmu. Tun 1997 akwai tsarin tarayya na ƙananan asibitocin karkara: gadaje kada su wuce 25, nisa da wani asibiti ya haura mil 35, matsakaicin kwanciyar majinyaci kada ya wuce awa 96, sashen gaggawa kuma ya kasance a buɗe koyaushe. Asibitin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, Medicare kan biya shi gwargwadon abin da ya kashe, kuma nisan da na tuƙa a wancan dare ya nuna mun cika sharaɗin tazara. Batun likitoci ma yana da mafita, domin kowace jiha tana da damar neman izinin zama ga likitoci baƙi 30 a shekara daga cikin waɗanda suka yi horo a ƙasar, bisa alkawarin za su yi aikin shekara 3 a inda ake ƙarancin likitoci.

Kafin ranar da jama'a za su kaɗa ƙuri'a kan cin bashin ina so majalisa ta buga wa jama'a ƙiyasin kuɗin gudanarwa na shekarun farko, ta faɗi likitoci nawa ta samu alkawarinsu, ta kuma bayyana a rubuce ko ɗakin haihuwa da motar ɗaukar marasa lafiya suna cikin shirin. Idan ta yi haka, zan kaɗa ƙuri'ar amincewa, kuma zan je gidan manomin nan da takardun a hannuna mu duba su tare.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Amurka