Wasiƙa a Kan Sara Gama

Zuwa ga aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya maigida da yara, ya kuma sanyin can? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

A saƙonki kin ce 'yarki ta fara taka leda a makaranta, amma tana ƙorafin an ajiye ta a baya, ita kuwa cin ƙwallo take so. Don Allah ki ba ta labarin Sara Gama, mai tsaron baya 'yar Italiyar nan da na daɗe ina bibiyar wasanta.

An haife ta a birnin Trieste a 1989, mahaifinta ɗan Kongo, mahaifiyarta 'yar garin. Ta fara fitowa a ƙananan ƙungiyoyin yankinsu, Tavagnacco da Chiasiellis, sannan Brescia. Tana da shekara 19 ta jagoranci 'yan matan Italiya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ɗauki kofin Turai a 2008. A 2013 PSG ta Faransa ta ɗauke ta, amma rauni ya hana ta sakewa, ta koma Brescia a 2015 ta ci kofin Serie A, babbar gasar Italiya. Da Juventus ta kafa ƙungiyar mata a 2017, ita aka ɗaura wa kyaftin, suka lashe gasar sau biyar a jere.

Abin da ya sa ta shiga raina shi ne gasar kofin duniya ta 2019 a Faransa. Shekara 20 rabon matan Italiya da zuwa gasar. A wasan farko da Ostareliya, Sara ce ta riƙe 'yar gabansu Sam Kerr a cikin da'ira, alƙaliya ta ba da fenariti. Mai tsaron raga Laura Giuliani ta tare, ƙwallon ta dawo wa Kerr ta zura. Wata ce da jikinta ya mutu daga nan. Ita kuwa na gan ta tana ɗaga hannu, tana ƙwala wa abokan wasanta kira, tana daidaita sahun baya, ba ta bari an sake ratsa su ba. Barbara Bonansea ta farke wa Italiya, ta kuma ƙara ta biyu ana dab da tashi. Suka wuce har kwata fainal, inda Holan ta cire su da ci 2 da nema.

Kin san duk wannan bajintar, a dokar ƙasarsu ba a ɗauke su ƙwararrun 'yan wasa ba? Mace ta ƙarar da ƙuruciyarta a fili, babu cikakken kwantaragi irin na maza, babu tanadin fansho. Sara ba ta yi shiru ba. Ta yi ta magana a gaban manya, har a 2020 ta zama mataimakiyar shugaban ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙwallon Italiya, mace ta farko a wannan kujera. Daga 1 ga Yulin 2022 gasar Serie A ta mata ta koma ta ƙwararru. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba, amma wallahi guminta na ciki, kuma a wurina wannan ya fi kofunan nauyi.

Shi ya sa har yau abin da aka yi mata a 2023 yake ci mini rai. Koci Milena Bertolini ta fitar da sunayen masu zuwa kofin duniya babu kyaftin ɗinta, wai za a ba sabbin jini dama. Ban ƙi a gwada yara ba, amma wa zai riƙe su idan wasa ya yi zafi? Suwidin ta yi musu 5 da nema, Afirka ta Kudu ta ci su 3 da 2, suka dawo gida tun a rukuni.

Ta yi bankwana da tawagar ƙasa a Fabrairun 2024 a karawa da Ayilan, bayan wasa 140, sannan ta rataye takalmi a 2025, Juventus na riƙe da kofin Serie A.

Ki nemo wa yarinyar bidiyon wasan Ostareliyar nan, ku kalla tare, ta zuba ido a kan mai lamba 3. Ki rubuto mini abin da ta ce. A gaida mini da Mama da kowa da kowa.

Wassalam,
Taki har kullum.