Godiya ga Ma'aikatan Sashen Gwajin Numfashi

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku, likita da ma'aikatan jinya, bisa yadda kuka gano ciwon mahaifinmu. Ya daɗe yana fama da tari da kaki kowace safiya, ɗan tafiya kaɗan sai haki. An gwada kakinsa, ba tibi ba ce. Hoton ƙirji ma bai yanke hukunci ba. Wasu su ce asma, wasu su ce tsufa.

Ku kuwa kuka zaunar da shi gaban na'urar auna numfashi, wato sipirometa, kuka matse masa hanci, kuka ce ya cika ƙirji da iska ya busa cikin bututu da iyakar ƙarfinsa. Busar farko tari ya katse ta. Malamar jinya ba ta ƙosa ba, ta jira ya huta, sannan ta tsaya a gefensa tana cewa, "Baba, ci gaba, kada ka tsaya, saura kaɗan!" har aka samu busa uku masu kyau. Bayan ya shaƙi maganin buɗe hanyoyin iska, aka dakata kamar minti 15 aka sake.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayanin likita. Ya nuna mana takardar ya ce ana duba iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko ne, a kwatanta da duk wadda ya fitar. Idan ta gaza kashi 70 cikin 100 ko bayan shaƙar magani, hanyoyin iska sun toshe ke nan na dindindin, cutar da ake kira COPD. Mai asma sau da yawa yakan farfaɗo sosai da maganin, Baba kuwa ɗan kaɗan ne. Likitan bai ɓoye mana cewa huhun ba zai koma yadda yake ba, kuma bai yi wa Baba gorin shekarun da ya yi yana shan taba ba. Cikin ladabi ya ce barinta ne babban magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. Ga gwajinta ba allura, ba ɗibar jini. Don haka ina roƙon mahukunta su ƙara wa sashenku na'urori da ma'aikata, domin layin masu jira yana da tsawo.

Baba ya bar taba, ya iya shaƙar maganinsa daidai yadda kuka koya masa, kuma ya ce in gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya saka muku da alheri.

Taku,
'Yar majinyacinku